Kafin a shiga kwas ɗin aikin jinya na shekara ɗaya a Amurka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu, ina roƙon ka ba ni fili domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda 'yan'uwanmu mazauna Amurka, da waɗanda suke gida suna hanƙoron zuwa, suke kallon kwas ɗin aikin jinya na matakin da ake kira LPN. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta bi ta wannan mataki, kuma a yanzu ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi da makarantu ke turo ɗalibansu domin su koyi aiki a jikin marasa lafiya. Saboda haka ina ganin masu shigowa da zumuɗi, ina ganin masu fita da lasisi a hannu, ina kuma ganin waɗanda ake daina jin ɗuriyarsu a tsakiyar zango bayan sun zuba kuɗi da lokacin da ba za su dawo ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda na ga sun faɗi, da yawansu ba su rasa basira ba. An ruɗe su ne da cewa abin shekara ɗaya ne kacal, suka faɗa ciki ba tare da sun shirya gidajensu da aljihunsu da lokacinsu ba.

Ma'aikatan jinya a Amurka hawa-hawa ne. A ƙasa akwai mataimakan jinya da ake kira CNA, waɗanda dokar tarayya ta 1987 ta wajabta a ba su horo na aƙalla sa'o'i 75 domin aiki a gidajen kula da tsofaffi. A sama akwai cikakkiyar nas mai rajista, wato RN, wadda karatunta ke ɗaukar shekara biyu zuwa huɗu. LPN tana tsakanin waɗannan biyu, kuma a jihohin Kalifoniya da Teksas sunan da ake kiranta da shi LVN ne, amma aikin ɗaya ne. Ita ce take auna bugun zuciya da hawan jini da zafin jiki, take raba magunguna, take yin allura, take wanke rauni ta ɗaure, take sa robar fitsari, take lura da duk wani sauyi a jikin majinyaci ta kai rahoto, kuma duk wannan a ƙarƙashin kulawar RN ko likita. Iyakar abin da aka yarda ta yi ya danganta da dokar jihar da take aiki, musamman a batun magungunan da ake turawa ta jijiya. Mafi yawan guraben aikinta suna gidajen kula da tsofaffi, da ofisoshin likitoci, da gidajen marasa lafiya da ake bi ana kula da su, kuma ƙididdigar hukumar ƙwadago ta Amurka ta nuna cewa a 2023 matsakaicin albashinta ya kusa dala dubu 60 a shekara. Sana'a ce mai mutunci da rufin asiri, kuma ba na rubuta wannan wasiƙa domin in sare wa kowa gwiwa.

Gajartar kwas ɗin, wadda ita ce ke jan hankalin mutane, ita ce kuma tushen wahalarsa. Ba a rage abin da ya wajaba nas ta sani ba don an taƙaita lokaci, matse shi aka yi cikin wata 12 zuwa 18. Jihar Kalifoniya, alal misali, ba ta amincewa da makarantar da horonta bai kai sa'o'i 1,530 ba, 576 a aji, 954 a bakin gadon majinyaci. Duk wanda ya raba waɗannan sa'o'i a kan makwannin shekara guda zai ga sun kusa cikakken aikin yini na ma'aikaci, alhali ba a lissafa karatun dare ba, ba a lissafa rubuta tsarin kula da majinyaci da ake kai wa malama da asuba ba, ba a lissafa zirga-zirga zuwa wurin koyon aiki da zai iya kasancewa a wani gari ba. A irin wannan tsari, darasin tsarin jikin ɗan'adam da ake shimfiɗa shi a zango guda a wasu wurare ana iya gama shi cikin 'yan makwanni, jarrabawa kuma kusan kowane mako ce. Wanda ya yi zazzaɓi na mako ɗaya, in ya dawo zai tarar ajin ya bar zuciya da huhu ya shiga ƙoda, kuma babu mai tsayawa ya jira shi.

Shiri na farko shi ne zaɓen makaranta, kuma a nan ne na fi jin tsoro ga baƙi, domin su ne 'yan damfara suka fi farauta. Kowace jiha tana da hukumar kula da aikin jinya, kuma a shafinta na intanet akwai jerin makarantun da ta amince da su. Idan sunan makaranta ba ya cikin wannan jeri, to komai kyan gininta da daɗin bakin mai tallata ta, wanda ya gama ta ba zai samu izinin zama jarrabawar lasisi ba. Hukumomin jihohi da yawa suna wallafa adadin ɗaliban kowace makaranta da suka ci jarrabawar lasisi a zaman farko, kuma wajibi ne a duba wannan adadi na shekaru da dama a jere. Ya kamata kuma a tambayi makarantar kai tsaye mutum nawa ne suka fara a ajin bara, nawa ne suka kai ƙarshe, domin makaranta tana iya yin alfahari da yawan masu cin jarrabawa alhali ta zubar da rabin ajin kafin a kai ga jarrabawar. Bayan amincewar jiha akwai tantancewar hukumomi masu zaman kansu irin su ACEN, wadda ke da amfani ga mai niyyar ci gaba zuwa RN, saboda wasu kwalejoji ba sa karɓar darussan da aka yi a makarantar da ba a tantance ba. Masu karatu za su iya tuna abin da ya faru a watan Janairun 2023, lokacin da hukumomin tarayya suka bayyana binciken da suka raɗa wa suna Operation Nightingale, inda aka gano an sayar da takardun shaidar kammala karatun jinya na jabu sama da 7,600 daga makarantu uku a kudancin jihar Fulorida. Waɗanda suka saya sun yi asarar kuɗinsu, hukumomin jihohi kuma suka bi sawu suna soke lasisin waɗanda suka riga suka fara aiki. Duk wanda ya ce zai samar wa mutum takarda ba tare da ya tsaya a bakin gadon majinyaci ba, rami yake haƙa masa, kuma ya jefa rayukan bayin Allah marasa lafiya cikin haɗari.

Sharuɗɗan shiga ba su da tsauri a takarda. Ana neman shaidar kammala sakandare ko makamanciyarta da ake kira GED, kuma wanda ya yi sakandarensa a wata ƙasa yawanci sai an kai takardunsa wurin masu tantancewa, abin da ke cin makwanni, don haka a fara da wuri. Makarantu da yawa suna buƙatar jarrabawar share fage, wadda aka fi sani ita ce TEAS, mai ɓangarori huɗu: fahimtar karatu, lissafi, kimiyya, da ƙa'idojin Turanci. Sai binciken tarihin aikata laifi, da gwajin shan ƙwaya, da gwajin tarin fuka, da shaidar rigakafin ciwon hanta nau'in B da ƙyanda da ƙarambau da sauransu, da satifiket ɗin koyon farfaɗo da wanda numfashinsa ko zuciyarsa ta tsaya. Rigakafin ciwon hanta kaɗai allurai ne da ake yi a jere da tazara a tsakani, kuma na ga ɗalibar da aka hana ta shiga wurin koyon aiki saboda takarda ɗaya ba ta cika ba. Batun Turanci kuwa, ina roƙon kada kowa ya yaudari kansa. Iya hira a kasuwa ko wurin aiki daban ne da iya karanta shafi hamsin na littafin magunguna a dare ɗaya, daban ne kuma da fahimtar dattijon da haƙoransa suka zube yana magana ƙasa-ƙasa da karin harshen garinsu. Wanda ya san Turancinsa na da rauni, zango ɗaya da zai ba harshen kafin ya shiga ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba a kan maimaita kwas ɗin gaba ɗaya.

Shawarar da nake ba duk wanda ya tuntuɓe ni ita ce ya fara da aikin CNA na 'yan watanni. Horonsa gajere ne, kuɗinsa kaɗan ne, wasu gidajen kula da tsofaffi ma su suke ɗaukar nauyinsa. A nan ne mutum zai san ko zuciyarsa za ta iya ɗaukar wanke babban mutum da ya yi bayan gida a kwance, ko ciyar da wanda ba ya gane 'ya'yan cikinsa, ko tsayuwar sa'o'i 12 a kan ƙafa. Gani ya kori ji. Ɗaliban da suka zo mana da wannan gogewa hannunsu ba ya rawa a ranar farko, hankalinsu kuma yana kan abin da ake koya musu.

Sai batun kuɗi. Kwalejojin al'umma da makarantun koyon sana'a na gwamnati su ne mafi sauƙi, sai dai gurabensu kaɗan ne, wani lokaci akwai jerin masu jira. Makarantu masu zaman kansu suna karɓar mutum da sauri, amma akwai waɗanda kuɗinsu ya haura dala dubu 30. Gaggawar fara karatu da wata shida takan sa mutum ya ɗauko bashi mai ruwa da zai shekara da shekaru yana biya, kuma bashin ba ya yafuwa don an kore shi a zango na biyu. 'Yan ƙasa da masu takardar zama ta dindindin suna iya cike fom ɗin FAFSA, wanda ta hanyarsa ake samun tallafin karatu na gwamnatin tarayya mai suna Pell, wanda ba bashi ba ne, kuma ina mamakin yawan mutanenmu da suka cancanta amma ba su taɓa nema ba. Bayan kuɗin makaranta akwai littattafai, da yunifom, da takalma, da na'urar sauraren ƙirji, da man mota, da kuɗin jarrabawar lasisi. Amma babban kuɗin da ba a rubuta shi a takardar kowace makaranta shi ne albashin da mutum zai rasa. Kusan duk malaman jinya suna gargaɗin kada ɗalibi ya haɗa wannan karatu da cikakken aiki, kuma gaskiya suka faɗa. Na ga masu tashi daga aikin dare su wuce aji kai tsaye, idanu jajur, suna gyangyaɗi a kan darasin da ran wani zai rataya a kansa gobe. Akwai waɗanda suka yi hakan suka tsira, amma ba a gina shiri a kan sa'ar wani. Mai hankali yakan tara abin da zai riƙe shi, ya rage aikinsa zuwa ƙarshen mako, ya amince cewa shekarar ta ƙunci ce.

Wannan ya kawo ni ga maganar gida, wadda a ganina ita ce ta fi kayar da mata. Makarantun jinya suna da tsauri ƙwarai a kan halarta, domin hukumar jiha tana ƙirga sa'o'in koyon aiki, kuma a wurare da yawa rashin zuwa sau biyu ko uku ya isa a sallami ɗaliba, makara ma ana iya lissafa ta a matsayin rashin zuwa. Koyon aiki yakan fara tun kafin ƙarfe bakwai na safe, lokacin da gidajen renon yara da yawa ba su buɗe ba. Uwa mai ƙananan yara tana buƙatar wanda zai riƙe mata su, da wani na biyu idan na farkon ya samu uzuri, kuma a yi wannan magana a gama ta kafin a biya kuɗin makaranta. Ina kira ga magidanta da babbar murya: idan ka amince matarka ta shiga wannan karatu, to amincewar ba ta ƙare a baki ba. Za a yi watanni ba ta da lokacin ziyara, ba ta da lokacin zaman hira, kuma abin da take buƙata daga gare ka shi ne ka ɗauke mata wani ɓangare na hidimar gida da yara ba tare da gori ba. Haka nan 'yan'uwa da ƙawaye su yi mata uzuri idan ba su gan ta a taro ba.

A cikin aji, darasin da ya fi razana ɗalibai shi ne na magunguna da lissafin adadinsu. Makarantu da yawa ba sa karɓar maki ƙasa da 75 zuwa 80 cikin ɗari a kowane darasi, a jarrabawar lissafin magani kuwa akwai masu neman 90, akwai ma masu cewa sai an ci duka. Sababbin ɗalibai sukan ɗauki wannan a matsayin mugunta, amma ni ina tare da malaman ɗari bisa ɗari. Lissafin kansa ba mai wuya ba ne. Likita ya rubuta miligiram 250, kwalbar da ke hannunki tana ɗauke da miligiram 125 a kowace mililita 5, don haka mililita 10 za ki ba da. Haɗarin yana cikin ƙananan abubuwa. Amurkawa suna auna nauyin mutum da laba, magungunan yara kuwa da kilo ake lissafa su, kuma kilo ɗaya laba 2.2 ne. Yaron da nauyinsa ya kai laba 44 kilo 20 ne, kuma wadda ta manta ta juya lissafin za ta ba shi fiye da ninki biyu na abin da jikinsa zai ɗauka. Ɗigo ɗaya da ido ya tsallake yana mayar da 0.5 ya koma 5, shi ya sa ake koya wa ɗalibai su riƙa sa sifili kafin ɗigo, kuma kada su taɓa rubuta 1.0, domin ana iya karanta shi 10. Ana kuma haddace musu tambayoyi biyar da ake yi kafin a ba kowane magani: shin wannan ne majinyacin, wannan ne maganin, wannan ne adadin, ta wannan hanya ake ba shi, kuma yanzu ne lokacinsa? Wanda ya taɓa tsayawa a gaban keken magani da safe, da tsofaffi ashirin ko fiye suna jira, kowannensu da ƙwayoyi iri-iri, ga waya tana ƙara, ga iyalin wani suna neman bayani, shi ne zai gane dalilin da ya sa ake so waɗannan tambayoyi su zama jinin jiki tun a makaranta.

Salon jarrabawar ma yakan ba waɗanda suka saba da hadda mamaki. Ba a cika tambayar ma'anar abu ba. Za a kawo marasa lafiya huɗu, kowanne da matsalarsa ta gaske, a ce wanne za ki fara zuwa wurinsa. Ɗaya yana kukan ciwo, ɗaya yana jiran a sauya masa bandeji, ɗaya yana son a kira masa 'yarsa, ɗaya kuma ya fara shaƙewa numfashinsa na sarƙewa. Duk amsoshin suna da fuskar gaskiya, amma ƙa'idar ita ce hanyar iska ta farko, sai numfashi, sai gudanar jini. Wasu tambayoyin kuma suna gwada ko ɗaliba ta san iyakarta, wato abin da za ta yi da kanta, da abin da za ta miƙa wa RN, da abin da za ta iya wakilta mataimakiya ta yi. Hanyar da na ga tana aiki ita ce amsa tambayoyin gwaji kullum tun daga makon farko, tare da karanta bayanin dalilin kowace amsa, har wadda aka ci. Ƙaramar ƙungiyar karatu ta mutum uku ko huɗu tana da amfani matuƙar ba ta rikiɗe ta zama majalisar ƙorafi a kan malamai ba.

Zuciyar horon tana bakin gado. Kafin a kai ɗalibi can, sai ya nuna kowace dabara a kan mutum-mutumi a ɗakin gwaji, malama tana tsaye da takarda tana duba mataki bayan mataki, kuma wanda ya taɓa abin da aka tsarkake da hannun da bai dace ba sai ya sake daga farko. Amma mutum-mutumi ba ya jin kunya, ba ya jin tsoro, ba ya tambayar ki ko zai warke. Na sha ganin ɗaliba ta shiga ɗaki da ruwan wanka da tawul, ta nufi jikin dattijuwa kai tsaye saboda hankalinta na kan jerin matakan da ta haddace, dattijuwar kuma ta ƙanƙame bargonta. Abin da nake gaya musu shi ne su ƙwanƙwasa ƙofa, su faɗi sunansu, su bayyana abin da suka zo yi, su ja labule, su buɗe ɓangaren da ake wankewa kawai su bar sauran a rufe. A lokacin wannan wanka da wasu ke rainawa ne ake ganin jan tabo a ƙugu ko a diddige, wanda idan aka danna shi da yatsa bai yi fari ba, to alama ce ta farkon gyambon da doguwar kwanciya ke haifarwa. Idan aka gan shi yau aka riƙa juya majinyaci duk bayan sa'o'i biyu, an tare shi. Idan aka yi sakaci, yana iya cin nama har ya kai ga ƙashi. A nan ne kuma ake lura cewa dattijon da jiya yake ba da labari yau ya rikice yana kiran sunayen da ba na kowa ba, abin da a jikin tsofaffi kan iya zama alamar ciwon mafitsara ko wata cuta da ta shiga jini tun kafin zazzaɓi ya bayyana. Ɗalibar da ta lura da wannan ta sanar da nas a kan lokaci ta fi mini wadda ta fi kowa maki amma idonta na kan takarda.

Abu biyu ne ba a yafewa a wurin koyon aiki. Na farko shi ne ƙarya a rubutu. Wanda bai auna hawan jini ba ya ƙirƙiri lamba ya rubuta, ya ci amanar majinyaci da duk likitan da zai dogara da wannan lamba, kuma korarsa daidai ce. Faɗin "ban sani ba" ko "ban yi ba tukuna" ba ya jawo wa ɗalibi komai sai gyara. Na biyu shi ne tona sirrin majinyaci. Dokar HIPAA ta 1996 ta tsaurara a kan wannan, kuma hoto ɗaya da aka ɗauka a ɗakin majinyaci aka sa a Facebook ko WhatsApp, ko labarin wani mara lafiya da aka ba ƙawa da cikakken bayani, ya isa ya rufe wa mutum ƙofar sana'ar. Game da addini kuwa, mata da yawa suna aiki da ɗankwalinsu ko hijabinsu, kuma ana iya daidaita salla da lokacin hutu, sai dai a tattauna da makaranta tun farko cikin ladabi, a kuma sani cewa aikin ya ƙunshi kula da maza da mata. Wanda wannan zai dame shi ya nemi fatawa ya yanke shawara kafin ya shiga.

Idan aka faɗi darasi ɗaya, makarantu da dama suna ba da damar dawowa tare da ajin da ke biye, yawanci sau ɗaya. A karanta wannan ƙa'ida a littafin dokokin makaranta tun ranar farko, kuma duk wanda ya ga makinsa ya fara sauka ya je wurin malama a makon, kada kunya ta sa ya jira jarrabawar ƙarshe.

Kammala makaranta ba ya ba mutum izinin aiki sai ya ci jarrabawar lasisi ta NCLEX-PN, wadda majalisar hukumomin jinya na jihohi take shiryawa, kuɗin rajistarta dala 200 ban da kuɗin da jiha ke karɓa. A kwamfuta ake yin ta, kuma kwamfutar tana zaɓo tambaya ta gaba ne gwargwadon yadda aka amsa ta baya. Tun daga watan Afrilun 2023 da aka sabunta ta, tambayoyin suna tsakanin 85 da 150 cikin sa'o'i biyar, an kuma ƙara labaran marasa lafiya da ake bi daki-daki domin a auna yadda mutum ke yanke hukunci. Tsayawar kwamfuta a tambaya ta 85 ba ta nuna ci ko faɗuwa, tana nuna cewa ta gama tabbatar da matsayin mai amsawa ne kawai. Wanda bai yi nasara ba yana iya sake zama bayan kwana 45. Shawarata ita ce kada a ja lokaci bayan kammala karatu, domin abin da aka koya cikin gaggawa yana saurin zubewa idan ba a riƙe shi ba.

Ga 'yan'uwa da ke gida kuma, akwai gaskiyar da dillalai ba sa faɗa. Sassaucin da dokar shige da fice ta Amurka ta yi wa ma'aikatan jinya wajen samun takardar zama ta hanyar aiki, cikakkun nas-nas masu matakin RN ya shafa, LPN ba ta ciki. Bizar ɗalibi kuma tana taƙaita aikin da mutum zai iya yi, ba ta ba shi damar samun tallafin karatu na gwamnatin tarayya, kuma ba kowace makarantar jinya ce ke da izinin karɓar ɗaliban waje ba. Wannan kwas ya fi dacewa da wanda ya riga ya samu izinin zama da aiki. Wanda ya riga ya zama cikakken nas a ƙasarsa, hanyarsa daban ce: a tantance takardunsa, ya nemi zama jarrabawar RN. Kada kowa ya sayar da kadararsa a kan alkawarin cewa shekara ɗaya ta LPN za ta zaunar da shi a Amurka.

Wanda ya samu lasisi kuma yana da burin ci gaba, akwai kwasa-kwasan haɗi da ke ɗaukar LPN su kai ta matakin RN, kuma wasu wuraren aiki suna taimakawa da kuɗin karatun. Saboda haka tun a ranar zaɓen makarantar farko ya kamata a tambayi kwalejin da ake son zuwa daga baya ko za ta karɓi darussan da za a yi a can, a kuma nemi amsar a rubuce.

Na gode, ya Edita, da wannan fili da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu albarka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam.

Taka mai karatu,
Wata ma'aikaciyar jinya, daga Amurka